Ranar da Aka Janye wa Kabo Hannu

A cikin mutanen da suka biyo Shehu Abdulganiyyu da ƙafa tun daga ƙasar Hausa har Makka, babu waɗanda suka kai Malam Mukhtaru da Kabo yawan faɗa, babu kuma waɗanda suka kai su shaƙuwa. Mukhtaru Badamagare ne, Kabo Bakano, don haka tun ranar da suka haɗu a wani zango kafin Abeshe kowannensu ke rantsuwa cewa ɗayan bawan kakansa ne da ya gudu. Sunan yankan Kabo Awwalu, amma sunan garinsu ya danne shi, har shi kansa sai ya yi jim kafin ya amsa in an kira shi da na ainihin.

Tare suka tsinci auduga a Jazira ta ƙasar Sudan shekara da shekaru suna tara guzuri, tare suka yi amai a cikin kwalekwalen da ya tsallako da su daga Sawakin, tare suka haƙa kaburburan waɗanda hanya ta cinye. Da ƙarfinsu suka shigo Makka. Zuwa shekarun da ake rushe gidajen da ke kewaye da Harami ana faɗaɗa shi, wajen 1965 ke nan, duk sun yi furfura, suna zaune a gefen dutsen Rusaifa cikin ɗakunan da aka yi da buɗaɗɗun gwangwanayen kananzir. Mukhtaru na gadin gidan wani mutawwifi, mai saukar da alhazai, kuma yana da igama, takardar izinin zama. Kabo ga-ruwa yake yi, sanda a kafaɗa da garwa biyu, ba shi da ko guntuwar takarda, abin bai taɓa hana shi barci ba. Yakan ce shi buri ɗaya ya rage masa a duniya, ya mutu a garin nan a kai shi maƙabartar Ma'ala inda aka binne matarsa Ummulkhairi, kuma bai taɓa jin an tambayi gawa igama ba.

Jama'ar Shehu ba ta da yawa, 'yan gidaje ne da kowa ya san abin da aka dafa a na kowa. Duk Juma'a bayan la'asar sukan taru a zauren Shehu su kulle ƙofa, domin malaman ƙasar ba sa son ganin an yi da'ira ana zikiri. Sai su karanta wuridin da Shehu ya tsara musu a hanya, rabi Larabci rabi Hausa, murya ƙasa-ƙasa. A ƙarshensa akwai jerin sunayen malaman da ilmin ya biyo ta hannunsu, daga na farko har ya tsaya a kan Shehu. In an shafa, sai a miƙe a bi da'ira, kowa ya kama hannun kowa, ba a tsallake ko da wanda kuka yini kuna hararar juna. Wanda bai san su ba zai ce ai gaisuwa ce kawai. To bai ga yadda ƙaton mutum ke rawar jiki ba in an ce za a hana shi ita.

Domin ana hanawa. Tun a Jazira, da wani ya fasa wa ɗan'uwansa kai a kan jaki, aka rasa yadda za a yi da shi, ga ba alƙali, ga ba sa son kai ƙara wurin Turawa. Kabo ne ya kawo shawara, Shehu ya sa mata albarka: kada a doke shi, kada a zage shi, a janye masa hannu. Ba musafaha, ba magana, ba aike, har ranar da zai zo da ƙafarsa ya tuɓe hula a tsakiyar da'ira ya ce ya tuba. Wanda kuma ya yi masa magana har ta shiga kunnensa, shi ma hukuncin ya hau kansa. Kabo ya fi alfahari da dokar nan fiye da yadda wani ke alfahari da ɗan fari. Duk sa'ad da aka yi gardama a kan wani reshe nata wurinsa ake zuwa, shi kuwa ya gyara zama ya yi ta tsefe ta har mai tambaya ya yi da-na-sanin tambaya.

Shehu ya rasu cikin wani zafi mai tsanani, kansa a cinyar Kabo, Mukhtaru na yi masa fifita. Su biyun ne kaɗai a ɗakin. Bai ambaci wanda zai gaje shi ba. Abin da ya ce kawai, su riƙe wuridi yadda ya bar shi, su riƙe juna, sannan ya nemi ruwa.

Ya bar ɗa namiji ɗaya, Lurwanu, haifaffen Makka, mai takardar zama ɗan ƙasa, wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Shi ya samar wa Mukhtaru aikin gadi da igama, gidan da zauren yake da sunansa aka rubuta, kuma shi ke da aboki a ofishin mai unguwa wanda ke raɗa masa in za a yi kamen marasa takarda. In labarin ya zo sai ya bi baki-baki daga gida zuwa gida, kafin gari ya waye duk marar igama ya shige Harami ya saje da masu ɗawafi. Ba a taɓa fitar da labarin wajen jama'a ba, don in ya bazu abokin ne zai kwana a ciki. A taƙaice dai jama'a ta hancin Lurwanu take numfashi, shi ma kuma ya sani.

Bayan sadakar arba'in, Lurwanu ya ce mahaifinsa ya zo masa a mafarki, ya tuna masa wata wasiyya da ya yi tun yana raye, cewa a ƙara sunan ɗansa a ƙarshen jerin malamai. Juma'ar da ta biyo baya mai jan baƙi ya kai kan sunan Shehu bai tsaya ba, ya ɗora na Lurwanu. Mutane suka amsa, wasu da ƙarfi, wasu a maƙoshi. Kabo ya rufe bakinsa gum. Ya daure na 'yan makonni, wanda a wurinsa ba ƙaramin jihadi ba ne, sannan wata Juma'a ana kaiwa wurin ya ce, da muryar nan tasa ta mai tallan ruwa, "Wannan ba ya cikin abin da Shehu ya bari. A cinyata ya cika."

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma Kabo in ya ga yana da gaskiya ba ya iya haɗiye ta, sai ya tauna ta a gaban kowa. Ya faɗa a bakin famfo, ya faɗa wa mai tsire, ya faɗa wa wani ɗan kasuwa Bakano da bai ma san akwai wata jama'a a Rusaifa ba. Ga mutanen da sai sun kulle ƙofa suke zikiri, wannan ganganci ne babba.

Dattawa suka zauna, Lurwanu a kan buzun mahaifinsa. Mahmudu, kawun Lurwanu, shi ya jero laifuffuka: ya ƙaryata ɗan Shehu a bainar jama'a, ya katse wuridi, ya fitar da sirri waje. Kabo ya amsa biyun ƙarshe ba musu, har ya tuna musu da wani mai wanki da ya gaya wa, wanda ba su sani ba. Na farkon kuwa ya ce shi bai ce Lurwanu ya yi ƙarya a mafarkinsa ba, mutum da mafarkinsa sai Allah. Abin da ya ce shi ne Shehu bai yi wasiyyar nan yana raye ba. Sannan ya juya ya ce ai ba shi kaɗai ba ne a ɗakin, a tambayi bawansa, ga shi nan zaune. Har a cikin wannan hali da tsokana ya kira shi, domin ko kusa bai kawo a ransa cewa Mukhtaru zai ba shi kunya ba.

Mukhtaru ya san gaskiyar Kabo ce, kalma bayan kalma. Amma ya jima yana juya abin a ransa. In ya ce haka ne, jama'a ta rabe biyu, rabin da ya bar Lurwanu ya rasa zaure ya rasa mai raɗa labarin kame, ga tsofaffin mata, ga ƙananan yara. Shehu ya ce a riƙe wuridi, ya kuma ce a riƙe juna, yau ga shi biyun sun ƙi zama a hannu ɗaya. Akwai kuma igamar da ke aljihunsa, wadda bai so ya sa ta cikin lissafin ba, amma ita ta sa kanta. Ya dubi tabarma, ya ce, "Allah ne masani."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Kabo ya daɗe yana kallonsa. Aka nemi ya tuɓe hula ya janye maganarsa, ya ce hular tasa ce yana iya tuɓewa, maganar kuwa ta Shehu ce. Aka yanke hukunci, dattawa suka ɗora hannu a kan Alƙur'ani ɗaya bayan ɗaya, har da Mukhtaru. Kabo ya miƙe, da bakinsa ya tuna wa Mahmudu cewa an manta ba a faɗi sharaɗin aike ba, kuma sai an faɗe shi hukuncin ke cika. Mahmudu ya faɗa. Kabo ya ɗauki takalmansa ya fita.

Ya kwashe komatsansa ya koma can ƙarshen dutse, ɗaki ɗaya tilo a bayan wani ƙaton falale, don kada ya riƙa jefa maƙwabta cikin wahalar kau da kai. An zaci zai shiga zagin jama'a. Wasu malamai na wata unguwa, waɗanda dama ba sa ga-maciji da Shehu, suka aiko masa ya zo ya tona asirin 'yan bidi'a su ba shi wurin zama. Ya ce a gaishe su. Shi ya ga abin da ya gani a wurin Shehu a tsakiyar sahara, ko yanka shi za a yi ba zai ce bai gani ba. Duk Juma'a yakan sauko ya zauna a bayan katangar zaure ya bi wuridin a hankali, in an kai sunan Shehu ya shafa, ya tashi tun ba a buɗe ƙofa ba.

Ruwa kuwa bai fasa kai wa gidan Mukhtaru ba. Da hantsi zai zo ya juye garwa a randar da ke bakin ƙofa ya wuce. Da aka yi ƙorafi sai aka tuna fatawar da shi kansa ya taɓa bayarwa a Jazira, cewa ruwa ba magana ba ne. Asiya, matar Mukhtaru, wadda ita ta yi jinyar Ummulkhairi har ta rufe mata ido, ta shiga ajiye kwano a rufe a gefen randar. Da mijinta ya yi magana ta ce wa kyanwa take ajiyewa, in kuma kyanwar na wanke kwano ta kife, wannan tarbiyyar gidansu ce.

Mukhtaru ya rame. Ba ciwo yake ba, kewa ce ta haɗu da kunya. In ya ji ƙarar garwa sai ya shige ɗaki ya laɓe a bayan labule kamar ɓarawo a gidansa. Abin da ya fi ci masa rai ba maganar wuridi ba ce, a'a, yanzu duk faɗin Makka babu mai kiransa bawa. Ya yi ta gaya wa kansa cewa bayan aikin Hajji, in hankali ya kwanta, zai sami Lurwanu su yi magana ta fahimta a nemo wata ƙofa. Hajji ya zo ya wuce, alhazai suka watse, aka naɗe katifu aka kai soro, bai je ba.

Wata rana da azahar Lurwanu ya zo gidan mutawwifin da kansa, ya ja Mukhtaru gefe.

"Bukra, gobe da safe, za a yi kame, ya ammi. Rusaifa kullaha, dukkanta, har saman dutse. A gaya wa mutane."

Mukhtaru ya ce, Kabo fa? Lurwanu ya murza zoben hannunsa. Ya ce wallahi ba ya son ko ƙwarzane ya sami Baba Kabo, mutumin da ya ɗauke shi a kafaɗa yana yaro, amma shi ne a kan buzu, in ya karya doka da bakinsa wa zai sake bin ta? Ai Baba Kabo ba baƙo ba ne, in ya ga unguwa ta yi tsit zai gane.

Duk wanda Mukhtaru ya tuntuɓa a yinin nan amsar ke nan, zai gane, ko kuma wani zai gaya masa. Kowa ya bar wa wani. Ba wanda ya tuna cewa daga bayan falalen nan ba a ganin unguwa, balle a san ta yi tsit.

Da labari ya kai gida, Asiya ba ta tsaya dogon zance ba, ta ɗauko mayafi.

"Malam, ko ka hau ko in hau. Ni ban rantse wa kowa zan zuba ido a kai tsoho teku ba."

Ya ce ta zauna, da waɗannan gwiwoyin nata sai gobe ta kai. Ya hau.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa, yana haki. Kabo na zaune a ƙofar ɗakinsa yana ɗaure igiyar garwa da hannu da haƙori. Ya ɗaga kai ya gan shi, fuskarsa ta washe, har leɓensa ya motsa, Mukhtaru ya san kalmar da ta zo bakin. Sai kuma Kabo ya ga Mukhtaru ya buɗe nasa bakin. Nan take ya saki igiya, ya cusa yatsu a kunnuwansa, ya juya baya, ya ɗaga murya da wuridi.

Abin da Kabo ya zata a fili yake. Ya zaci tsohon ya kasa jurewa ne ya zo neman gafara, kuma ya san abin da kalma ɗaya za ta jawo masa: hukunci, da aikin gadi, da igama, da wurin zaman mutum na ƙarshe a majalisa wanda ya taka hanya tare da Shehu tun daga farko. Shi ya tsara dokar, ya san inda ƙofarta take. In magana ba ta shiga kunne ba, ba a yi ta ba. Kare abokinsa yake yi, da iya ƙarfinsa.

"Gobe da safe za a yi kame," in ji Mukhtaru. "Ka sauka Harami yau. Kabo, kame za a yi."

Kabo ya ƙara murya. Mutumin da ya tsufa yana tallan ruwa a gindin dutse ana jin sa a samansa, wa zai iya da muryarsa? Mukhtaru ya zagaya gabansa, Kabo ya runtse ido. Ya sake faɗa, ya sake, har muryarsa ta dishe. Abu ɗaya ya rage, ya kama hannayen nan biyu ya fizge su daga kunnuwan. Ya miƙa hannu har ya kusa taɓa shi, sai hannun ya tsaya. Baki dai ya riga ya karya doka, amma hannun da ya hau kan Alƙur'ani ya ƙi ƙarasawa. Ɗan jinkirin nan ya ishi Kabo. Ya buɗe ido ya ga hannu a gaban fuskarsa, ya zabura ya faɗa ɗaki, ya tura ƙyaure da ƙafa ya jingina da shi.

Mukhtaru ya tsaya a waje yana gaya wa gwangwani, yana bugawa. A ciki wuridi bai tsaya ba. Can sai ya fara lallashin kansa. Bangon gwangwani ne fa, ko tari aka yi ana ji. Yatsa ba ya toshe kunne duka. Kabo ya ji, taurin kai ne kawai irin na Kanawa, ba zai nuna ya ji ba. Ga shi lokacin komawa gadi ya yi. Da ya ƙara haƙuri kaɗan har a kira magariba, dole Kabo ya cire yatsun ya yi alwala, amma wannan tunanin bai zo masa ba sai washegari. Kafin ya kai gindin dutse ya gama yarda da kansa. Asiya ta tare shi a ƙofa da ido, ya ce mata ya gaya masa. Ta yi hamdala ta rataye mayafin.

A Harami ya yi asuba. Da gari ya fara haske ya shiga bin rumfuna yana duba fuskoki. Ya ga mutanensu a warwatse, wannan ya rungumi Alƙur'ani, wancan ya lulluɓe kai, kowa ya yi kamar bai san kowa ba. Bai ga Kabo ba. Ya ce Harami da girma, ya sake zagayawa. Sannan ya kama hanyar Rusaifa da sauri, daga baya da gudu irin na tsofaffi, wanda ba ya cin ƙasa sai dai ya ci numfashi.

Motar kamen na tsaye a bakin famfo, babbar mota mai katako a gefe, cike da mutane. Daga baya mai tsire ya ba da labarin cewa Kabo ya sauko da garwarsa kamar kullum, ya tarar ba layi, har yana murna yau zai gama da wuri. Garwa ɗaya a cike take a gefe, ɗayar na ƙarƙashin famfo ruwa na ta ambaliya, ba wanda ya kashe.

Masu takarda na tsaye nesa kaɗan, Mahmudu na cikinsu. Lurwanu ma ya zo, ko hula babu a kansa, yana bin hafsan askarawan yana magiya da Larabci, hafsan na cewa halas, an gama, a je Jidda a yi magana. Kowa ya san abin da ke Jidda. Jirgin ruwa ne, sai gaɓar Sudan, daga nan kowa ya kama gabansa. Tsoho kamar Kabo ba zai sake tsallako tekun nan ba.

Mukhtaru ya kutsa. Wani askar ya tare shi da sanda, ya zaro igama ya nuna, askar ya ce ruh ya hajji, wato ya tafi abinsa. Bai tafi ba. Ya hango Kabo ta tsakanin katako, a matse a tsaye, hula a karkace. Ya kama katakon da hannu biyu, a gaban Lurwanu da Mahmudu da kowa, ya kira shi da sunan da rabon da a ji shi tun a hanya.

"Awwalu. Gaskiyarka ce. Ina ɗakin, na ji abin da ka ji, Shehu bai ce ba. Ka yafe mini."

A cikin cunkoson nan ba sararin da mutum zai ɗaga hannu ya kai kunne. Kabo ya ji. Mukhtaru ya ga ya ji, domin gemunsa ya kama rawa. Amma bai juyo ba. Ya dubi wanda ke manne da kafaɗarsa, wani Babarbare da bai taɓa gani ba, ya yi masa magana da ƙarfi yadda na ƙasa za su ji.

"Malam, don Allah ka shaida wa mutanen can. In wani ya yi mini magana yanzu, ban ji ba, ƙarar mota ta cika mini kunne. Jiya ma ban ji komai ba." Ya ƙara da cewa, "Kuma duk wanda ya je Ma'ala ya yi wa Ummulkhairi sallama. Ya ce ba ƙin zuwa na yi ba."

Babarbaren bai gane kan zancen ba, ya dai leƙo ya ce wai bai ji ba. Motar ta tashi. Maganar rashin jin ta yanzu ƙarya ce, ita ce ta farko da Mukhtaru ya taɓa ji daga bakin Kabo, kuma dominsa aka yi ta. Ta jiya kuwa gaskiya ce, bai ji gargaɗin ba, ita ce ta durƙusar da shi a cikin taɓon famfo, har sai da Mahmudu ya zo ya ɗaga shi.

A gida Asiya ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta kuma yi faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Ka ce ka gaya masa." Sannan ta shiga ɗaki.

Ranar Juma'a, da aka kulle ƙofa, tun kafin a fara wuridi Mukhtaru ya miƙe a tsakiyar da'ira. Ya ce ya yi wa wanda aka janye wa hannu magana, a saman dutse da kuma bakin famfo, da gangan, yana sane. Ya ce ya ɓoye shaida ranar da aka tambaye shi. Ya roƙi dattawa su yi masa abin da doka ta ce. Da gaske yake roƙon, domin hukuncin nan shi kaɗai ne ya rage da zai iya haɗawa da Kabo a duniya.

Lurwanu, idonsa jawur, ya ce, "Ma simi'na, ya ammi. Ba mu ji ba." Mahmudu ya gyara murya ya ce doka a fili take, sai magana ta shiga kunne, mai kunnen kuma ya shaida da bakinsa a gaban jama'a cewa ba ta shiga ba. Babu hukunci. Aka kama kafaɗar Mukhtaru aka zaunar da shi.

Aka yi wuridi. Mai jan baƙi na kaiwa kan sunan Shehu, Lurwanu ya riga kowa ɗaga hannu ya shafa, kowa ya shafa, a nan aka tsaya. Ba a rabe ba, ba wanda ya tashi ya fita, rufin zaure bai faɗo ba. Ashe iyakar abin ke nan. Ashe da ya buɗe baki ranar da aka tambaye shi, wataƙila da iyakar abin da zai faru ke nan.

Aka miƙe aka bi da'ira. Mukhtaru ya sauke hannayensa ƙasa, amma na farko ya sunkuya ya kamo na daman ya matse, na biyu ma haka. Yana tsaye hawaye na bin gemunsa, suna ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, tsoho da yaro, kuma ba wanda ya tsallake shi.